Zafin inji: a bar tamostat a wurinsa, a nemo ainihin ciwon

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka domin mu yi magana da masu mota da direbobi, har ma da 'yan uwanmu makanikai, a kan zafin inji. Yana cikin manyan abubuwan da ke kashe inji kafin lokacinsa, kuma abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake yawan yi masa magani. Mota ta yi zafi, sai a cire tamostat a jefar, a ɗaure fanka kai tsaye da makulli, a cika lagireto da ruwan famfo, a ce an gama. Bayan 'yan watanni gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ta ƙone, a ɗora wa motar laifi. Zafi kuka ne inji yake yi, kuma abin da ya sa shi kukan shi ya kamata a nema.

Sai an fahimci aikin kafin a gane ɓacinsa. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke tura mota. Wani kashin yana fita ta salansa, sauran kuma ruwan inji ne ke kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ta cikin ramukan da ke kewaye da silinda da kan inji, ya ɗauko zafi, ya bi ta babban tiyo ya shiga lagireto, iska ta fifita shi, ya komo. Tamostat shi ne mai tsaron ƙofa tsakanin inji da lagireto. Murfin lagireto yana riƙe matsi a ciki. Fanka tana kawo iska idan mota ba ta gudu. Lafiyayyen inji yana aiki ne tsakanin digiri 90 da 105 a ma'aunin Salshiyos, wato an ƙera shi ya yi aiki da zafi, gab da inda ruwa ke tafasa. Saboda haka ƙaramar matsala a ɗaya daga cikin waɗannan sassa ta isa ta tura allurar zafi da ke gaban direba zuwa ja.

Idan allura ta haura ana cikin tafiya, a kashe esi nan take, a buɗe hita har ƙarshe tare da fankarta. Hita ƙaramin lagireto ne da ke cikin mota, yana taimakawa wajen zuƙe zafi na ɗan lokaci. A nemi wuri mai aminci a tsaya. Idan allurar ta ɗan wuce tsakiya ne kawai, babu tururi, babu ruwa na zuba, ana iya barin inji a silo minti ɗaya ko biyu a ga ko za ta sauko. Idan ta taɓa ja, ko tururi na fita, ko an ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, a kashe shi. Kilomita biyu da direba zai ƙara don ya ƙarasa gida suna iya zama bambanci tsakanin sauya tiyo da sauke inji.

Akwai wata alama mai yaudara da muke so kowa ya riƙe. Allura ta hau, can sai ta faɗo da kanta, hita kuma ta koma busa iska mai sanyi. Direba sai ya ɗauka sauƙi ya samu. Sau da yawa ruwan ne ya ƙare, na'urar da ke auna zafi ta rasa ruwan da za ta taɓa, tana auna iska. Wannan ne lokaci mafi haɗari ga inji.

Kada a taɓa murfin lagireto sai an jira aƙalla minti 30, kuma sai babban tiyon sama ya yi laushi idan an matsa shi da tsumma. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne ya hana shi tafasa, da an buɗe zai yi tsiri ya watsu a fuska da ƙirji. Idan lokacin buɗewa ya yi, a ɗora tsumma mai kauri, a juya murfin kaɗan zuwa matsayarsa ta farko, a bar iska ta gama fita, sannan a cire. Wanda tsautsayi ya sa ruwan ya ƙona shi, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana kwarara har minti 20, a tafi asibiti. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ko a ɗura shi cikinsa yana huci. Kan inji na yawancin motocin yanzu na alminiyom ne, sanyin farat ɗaya yana iya tsaga shi ko ya lanƙwasa shi.

Kafin makanike ya ɗauki sifana, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce: yaushe take zafin? Amsar tana rage aikin da rabi. Motar da ke zafi a cunkoso ko a tsaye, ta huce da zarar ta samu titi, iska ce ba ta isar ta, a dubi fanka. Wadda ke lafiya a cikin gari amma ta yi zafi a doguwar hanya ko a hawan tudu da kaya, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata ko lagireto ya toshe, domin a gudu iska ba ta yankewa. Wadda ke hawa ja cikin minti goma da tayar da ita, ko a tsaye ko a guje, a zargi tamostat da ya maƙale a rufe, ko famfon da ya daina turi, ko rashin ruwa gaba ɗaya. Wadda allurarta ke hawa da sauka ba tsari, akwai iska a cikin hanyar ruwa. Wadda kuma ke shan ruwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, sai a fara tunanin gasket.

A fara da yawan ruwa, inji na sanyi. Kada a tsaya ga robar ajiya da ke gefe, domin tana iya nuna cike alhali lagireton kansa ya yi ƙasa, idan ƙaramin tiyon da ya haɗa su ya tsage ko murfi ya daina zuƙo ruwa. A motar da ke da murfi a kan lagireto, a buɗe a ga ruwa har wuya. Hanyar ruwan inji rufaffiya ce, ba ta cin ruwa kamar yadda ake zato. Motar da ake ƙara wa rabin lita kowane mako tana yoyo a wani wuri, ko an gani ko ba a gani ba. A duba bakin kowane tiyo inda kilif ya kama, da haɗin roba da alminiyom a saman lagireto da ƙasansa, da ƙarƙashin famfon ruwa, da gidan tamostat, da ƙananan murafun ƙarfe da ke jikin bulok, wato gangar jikin inji. Ruwan da ya zuba a wuri mai zafi yana bushewa ya bar fari ko kore ko ja-ja kamar alli, wannan tabon shi ake bi. Idan dardumar gaba ta jiƙe, gilashi na yin hazo mai maiƙo daga ciki, hita ce ke yoyo. Hanya mafi tabbas ita ce famfon gwaji na hannu: a ɗaura shi a madadin murfi, a hura har adadin da aka rubuta a jikin murfin, kada a wuce, a jira minti 10 zuwa 15. Idan allurarsa ta sauka, akwai ɓaraka, kuma matsin yakan sa ta nuna kanta.

Murfin kansa ana raina shi, alhali aikinsa babba ne. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin matsin 'bar' ɗaya, wato ma'aunin matsi da ake rubutawa a jikin murfi, sai ya kai kusan 120. Yawancin murafu an rubuta musu 0.9 ko 1.1, wasu motocin Turai kuma nasu ya fi haka. Idan robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya tsere ta robar ajiya, ko da sauran sassa lafiya lau suke. Yana da wani ƙaramin bawul a tsakiya da ke barin ruwa ya komo idan inji ya huce. In ya lalace, za a tarar da babban tiyo ya shafe kamar an tsotse shi da safe. A sayi mai lamba daidai da na asali. Mai lamba sama da ƙima yana fasa lagireton roba da hita.

Yanzu ga batun tamostat, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa. A cikinsa akwai wani abu kamar kakin zuma da ke kumbura idan ya ji zafi, ya tura ƙofa ta buɗe. An buga lambar da yake fara buɗewa a jikinsa, galibi 82 ko 88, wasu har 90 da ɗoriya. Gaskiya ne yana lalacewa ya maƙale a rufe, kuma idan haka ta faru inji zai tafasa alhali lagireto na sanyi. Ana gane wannan ba tare da an kwance komai ba: a tayar da mota daga sanyi, a riƙa taɓa tiyon da ke manne da gidan tamostat, ana kiyaye hannu daga fanka da bel. Ya kamata ya zauna da sanyi har allura ta kusa tsakiya, sannan ya ɗauki zafi cikin ɗan lokaci. Idan allura ta wuce tsakiya shi kuwa yana nan da sanyi, ƙofa ba ta buɗe ba. Idan tun daga farko yake ɗumama a hankali tare da inji, ƙofar a buɗe ta maƙale, ko an riga an cire ta. Wanda ke son tabbaci ya ciro shi, ya rataye shi da zare a tukunyar ruwa ba tare da ya taɓa gindinta ba, ya sa ma'aunin zafi, ya ɗora a wuta. Ya fara buɗewa kusa da lambarsa, ya buɗe da kamar milimita 8 zuwa 10 wajen lokacin da ruwan zai tafasa, ya kuma rufe ruf idan ya huce.

Idan ya lalace, sabo ake sawa. Masu cirewa suna cewa ai a yanayi mai zafi ba a bukatarsa. Mun fahimci dalilinsu, amma lissafin bai fita ba. Ko a ranar da ta fi kowace zafi, iskar waje ba ta kai rabin zafin da inji ke bukata ya yi aiki daidai ba, ko kuma da ƙyar ta kai. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba, a doguwar hanya da dare ma yana iya ƙin kaiwa gaba ɗaya. Kwamfutar mota tana ganin inji da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tayar da shi. Man da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi da silinda su riƙa cin juna, fulogi ya yi baƙi, mota ta riƙa shan mai. Danshin da ke taruwa a cikin baƙin mai ba ya samun zafin da zai kore shi, sai ya zama dauɗa mai kauri. Akwai kuma abin da da yawa ba su lura da shi ba. A injuna masu yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Idan an cire shi, wannan hanya tana zama a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewayawa a ciki bai taɓa ganin iska ba. Irin wannan injin sai ya fi yin zafi a kan tudu bayan an cire masa tamostat. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ko a inda cirewar ta sa allura ta sauka, toshewar lagireto ko raunin famfon da ya jawo zafin yana nan yana ƙaruwa a ɓoye. Wajen ɗaura sabo, ɓangaren sifirin yana kallon cikin inji, ɗan ƙaramin ramin fitar da iska kuma, in yana da shi, ya kalli sama. A sa sabuwar roba ko gasket.

Fanka ta lantarki tana tashi ne idan ruwa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 ko sama kaɗan, gwargwadon mota. Gwaji mafi sauƙi: a kunna esi, a yawancin motoci fanka za ta tashi nan da nan. Idan ba ta tashi ba, a bi layi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Fiyus tukuna, wanda yakan zama babba, mai amfiya 30 ko 40. Sai rile, ɗan makunnin da ke tura wa fanka wuta, ana iya musanya shi da wani irinsa sak da ke cikin akwatin don gwaji. Sai soket, a duba ko ya narke ko ya yi tsatsa. Sai a ba fankar kanta wuta kai tsaye daga batir. In ta juya da ƙarfi, laifin yana wajen waya ko na'urar auna zafi. In ta juya a kasalance ko sai an taɓa ta, ta gaji. A tuna cewa irin wannan fanka tana iya tashi ko inji a kashe yake, kada a sa yatsa sai an zare soket. Bayan aikin riwaya ko sauya fanka, a tabbatar ba a juya wayoyin ba: a sa takarda a gaban lagireto, ya kamata iska ta manne ta a jiki. Fankar da ke turo iska gaba tana faɗa da iskar hanya, motar sai ta yi zafi a guje. Ɗaure fanka ta riƙa juyawa muddin makulli na kunne yana gajiyar da ita da wuri, in kuma an yi haɗin babu fiyus, ana gayyatar gobara.

Motocin da fankarsu ke jikin inji, irin manyan jif da a-kori-kura, suna da kulochi mai man siliko a tsakiyar fankar. Idan inji ya yi zafi aka kashe shi, a juya fankar da hannu. Ya kamata a ji tana riƙewa. In ta yi ta juyawa sakaka, ko aka ga maiƙo ya kama ƙura a jikinta, kulochin ya mutu. Robar da ke kewaye da fanka ma kada a yar da ita bayan gyara. Ita ke tilasta iska ta ratso ta cikin lagireto maimakon ta zagayo ta gefe.

Bel ɗin da ke juya famfo, in na daurin hannu ne, kada ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya idan an danna tsakiyarsa da babban yatsa. Idan fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi, allurar zafi ta fara hawa a lokaci guda, bel ya tsinke, a tsaya a wurin. Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa da aka yi musamman don ya tona asirin sil ɗin ciki idan ya fara yoyo. Tabo a bakin ramin, ko gurnani, ko fuli mai girgiza idan an kama shi, duk alamun boris da sil sun tafi ne. Mai wuyar ganewa shi ne famfon da ba ya yoyo ba ya ƙara, amma tsatsa ta cinye fukafukansa, ko na roba ne ya saki daga sandarsa yana juyawa a banza. Alamarsa ita ce zafi a gudu da hita mai rauni alhali ruwa a cike yake. Inda bel ɗin taimin ne ke juya famfon, a sauya su tare, domin aikin kwancewar ɗaya ne, kuma famfon da ya ƙage yana iya tsinka bel ɗin ya haɗa bawul da fistin.

Lagireto yana toshewa ta waje da ta ciki. Ta waje, ƙura da ciyawa da ƙwari da leda suna taruwa, musamman a ratar da ke tsakaninsa da kwandensan esi, inda ido ba ya kaiwa sai an haska fitila. A wanke daga ɓangaren inji zuwa waje da ruwa marar ƙarfi, domin injin wanki mai matsi yana kwantar da siraran fukafukan ya ƙara toshe su. Ta ciki kuwa, bayan inji ya ɗumama an kashe shi an zare soket ɗin fanka, a shafa fuskar lagireton a hankali ko a auna da ma'aunin zafi mai haske. Zafin ya kamata ya riƙa raguwa sannu a hankali daga mashiga zuwa mafita. Inda aka ji wani yanki da sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin sun toshe. Wanda toshewarsa ta yi nisa, ko robarsa ta koɗe ta fara tsagewa a wuya, sauyawa ya fi liƙi. Garin toshe yoyo da ake zubawa yana iya fitar da mutum daga daji, amma ba ya bambance ramin yoyo da siririn bututun hita. A mota mai giya otomatik, man giya yana ratsawa ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Idan bututun ya fashe, ruwa da man giya suna haɗuwa su zama kamar madara mai ja-ja, kuma giyar ce ke fara mutuwa.

Abin da ke toshe lagireto tun farko, mafi yawa, shi ne ruwan da ake zuba masa. Ruwan famfo ko na rijiya yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a bango kamar yadda yake yi a tukunyar da ake yawan tafasa ruwa, kuma ba ya hana tsatsa. Ruwan sanyaya inji na gaskiya, wanda ake kira kulant, sinadarin gilaikol ne da magungunan hana tsatsa. Ana yawan cewa na ƙasashen ƙanƙara ne. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Haɗin rabi da rabi yana tafasa ne a wajen digiri 107, da murfi mai kyau kuma ya haura 125, sannan yana kare alminiyom da ƙarfe da sil ɗin famfo. A karanta jikin jarka: wani an riga an haɗa shi, ba a ƙara masa ruwa, wani kuma mai kauri ne, ana haɗa shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba. Kada a zuba mai kaurin zalla, domin gilaikol bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. Ƙaramar mota takan ci lita 5 zuwa 8. Launi ba ya nuna iri, kore ko ja ko shuɗi rini ne kawai, a bi abin da littafin motar ya ce, kuma a guji gauraya iri biyu don wasu suna yin kunu idan sun haɗu. Tsohon samfuri ana sauya shi duk shekara biyu, mai dogon zango yana kai shekara biyar. Yana da zaƙi kuma guba ne mai lalata ƙoda, kada a bar shi a buɗe inda yara ko dabbobi za su kai. A halin gaggawa a hanya, ruwa mai tsabta ya fi babu, amma a zubar a sake haɗi idan an isa.

Bayan duk wani aiki da ya sa aka zubar da ruwa, sai an fitar da iska, kuma nan ne gyara mai kyau yakan lalace. A ɗaga gaban mota kaɗan, a sa hita a kan zafi, a zuba ruwa a hankali. In akwai noti na fitar da iska, a sassauta shi har ruwa ya fito babu kumfa. A tayar da inji, a riƙa cikawa yayin da ruwan ke sauka, a rufe, a jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. A bar shi ya huce sarai, a sake dubawa, washegari da safe a kuma dubawa.

Gasket ɗin kan inji ita ce ake tsoro, kuma sau da yawa ita sakamakon zafin ce kafin ta zama sanadinsa. Zafi ya lanƙwasa kan inji, gasket ta saki, hayaƙin silinda ya riƙa kutsawa cikin ruwa yana kore shi. Alamunta: kumfa mai fitowa ba ƙaƙƙautawa a bakin lagireto idan an tayar da inji daga sanyi, tiyo ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu tun ruwa bai ɗumama ba, farin hayaƙi mai kauri da ƙanshin zaƙi wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, inji na rawa da safe na ɗan lokaci, fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi, baƙin mai ya koma ruwan ƙasa mai kauri. Ba lallai su taru duka ba. Ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai shi kaɗai ba hujja ba ne, motar da ke gajerun tafiye-tafiye tana yin haka. Kafin a kwance, a yi gwajin shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto: idan akwai hayaƙi a cikin ruwan, yana komawa rawaya a injin fetur, kore-kore a na dizal. A auna matsin silinda ma. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gasket ta ƙone a tsakaninsu. Idan inji ya ƙi juyawa bayan ya kwana, kada a matsa masa da kik ko turi. A cire fulogai tukuna, domin ruwa ba ya matsuwa, in ya cika silinda yana lanƙwasa sandar fistin.

Wajen gyaran, a bar inji ya huce sarai, a kwance kusoshin daga gefe zuwa tsakiya. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan injin a tsaye da a kwance da a karkace, a zura ma'aunin rata. A injuna da dama abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 ba, kaurin da bai kai na gashin kai ba, don haka ido ba ya iya yanke hukunci. In ya wuce, a kai a fere shi, a kuma gwada shi ko ya tsage, a tabbatar ferewar ba ta wuce iyakar da kamfani ya sa ba. A duba fuskar bulok ita ma. A busar da ramukan kusoshi, don ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana ba da ɗauri na ƙarya, yana ma iya tsaga bulok. Kada a haɗa gasket biyu, kada a shafa gam a irin ta ƙarfe mai hawa-hawa. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da adadin da littafin injin ya bayar. Kusoshin da ake ƙarasa ɗaurinsu da juyi na kusurwa suna miƙewa, yawancinsu sau ɗaya ake amfani da su. A sauya baƙin mai da filta. Sannan a koma a nemo abin da ya fara kawo zafin, in ba haka ba sabuwar gasket za ta bi sahun tsohuwa.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya amma zafi bai daina ba, a leƙa wajen hanyar ruwa: ƙarancin baƙin mai, taimin da ya goce, salansa da ta toshe, birki mai riƙewa, lodi fiye da ƙima. Wani lokacin ma allurar ce ke ƙarya, sai a haɗa na'urar karanta kwamfutar mota a kwatanta adadin da take gani da na ma'aunin hannu a gidan tamostat.

Kada a karɓi mota daga gyaran zafi don kawai ta yi minti biyar a tsaye ba ta tafasa ba. A gwada ta a yanayin da take yin zafin tun asali: a bar ta a silo da esi a kunne minti 20, a hau titi da ita a yi gudu, a hau tudu in da hali. Allura ta zauna wuri ɗaya a duk ukun, hita ta busa zafi, fanka ta riƙa tashi tana tsayawa. Da safe, kafin a tayar da ita, a buɗe murfi a ga ruwa yana inda aka bar shi, a yi haka kwana uku a jere.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya kiyaye hanya.

Naka,
Wasu makanikan mota